Wa ke duba bakin baraji kafin damina ta sauka a Damagaram?

Duk wanda ya tashi a Damagaram ya san darajar ruwa, domin gari ne da ke zaune a kan dutse, wanda tun da daɗewa sai an jawo masa ruwan sha daga rijiyoyin Gogo da Macaya. Shi ya sa duk inda aka tare ruwa ya kwanta, ko a madatsa irin ta Kasama ko a ƙananan barajojin da aka yi ta ginawa a ƙauyuka tun zamanin shirin musamman na Shugaba Tandja Mamadou, wurin ba ya tsayawa ga noman rani da shayar da dabbobi kawai. Nan da nan yake zama wurin shaƙatawa, samari su zo kan babura da butar shayi, yara su yi iyo, masu fatsa su wuni a gefe. Ban ga laifin wannan ba. Abin da ya dame ni shi ne yawancin waɗannan madatsu suna da masu amfani da su da yawa, amma da wuya a nuna mutum ɗaya a ce ga wanda alhakin lafiyarsu ke wuyansa.

A bazarar da ta gabata na je wata ƙaramar madatsa a bayan gari, na hau bakinta na bi shi da ƙafa. Bagaruwa biyu sun girma a jikin ginin har suna ba da inuwa, ga suri ya tashi a gefe, shanu kuma sun fafe hanya a daidai inda suke gangarawa. A ƙasa, ta bayan ginin, akwai wani wuri mai damshi da ciyawa kore shar, alhali ko'ina ya bushe. Na tambayi wani dattijo mai lambu yaushe rabon da a zo duba wurin, sai ya ce, “Malam, tun ranar da aka yanke ƙyalle ban sake ganin kowa da takarda a hannu ba.”

Madatsar ƙasa ba ta fashewa haka kawai. Saiwar itace tana ratsa jikinta, idan itacen ya mutu ta ruɓe ta bar rami. Gara da gafiya suna yin nasu. Ruwa yana bin waɗannan ramuka a hankali, kuma muddin abin da ke tsatsowa ta baya garau yake, akwai sauran lokaci, amma ranar da ya fara fitowa da laka, to ginin ne yake zaizayewa ta ciki. Hanya ta biyu ita ce ruwa ya haura ta sama, wanda ke faruwa idan yashi ya cike cikin madatsar ko an bar mafitar rarar ruwa ta toshe da kaba da ledoji da reshe. Ginin ƙasa ba ya jure ruwa ya bi ta kansa ko na 'yan sa'o'i.

Tarihi ya nuna cewa madatsar shaƙatawa tana iya kisa kamar kowace. A Amurka, wata ƙungiyar attajirai masu kamun kifi da farauta ta mallaki madatsar South Fork, ta rage mata tsayi don keken doki ya samu hanya, ta kuma sa raga a mafitar ruwa don kada kifi ya tsere. Ranar 31 ga Mayun 1889 ta fashe, ruwan ya afka wa garin Johnstown, mutum fiye da 2,200 suka rasu. Kusa da mu, madatsar Bagauda ta Kano, wadda har otal ɗin shaƙatawa aka gina a gefenta, ta fashe a 1988. A Satumban 2024 kuma ta Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri, a watan da ruwan sama ya rushe tsohon masallacinmu na Birni. Namu barajojin ƙanana ne ƙwarai idan aka kwatanta, amma ga gidan ƙasa da rumbu da lambun da ke ƙarƙashinsu, ƙaramin ma ya isa.

Za a ce babu kuɗi, kuma gaskiya ne cewa yashe madatsa aiki ne na manyan injuna da miliyoyin sefa. Sai dai mafi yawan abin da ke tsare gini bai kai nan ba. Cire ƙananan itatuwa tun suna tsiro, toshe ramuka, share mafitar ruwa, da hana masu buga bulo ɗibar ƙasa a gindin ginin, duk aikin gayya ne na kwana biyu. Babban itace ne kaɗai bai kamata a sare shi da ka ba, domin saiwarsa za ta ruɓe a ciki, dole sai injiniya ya tsaya an tono ta an mayar da ƙasa an daɓe.

Ra'ayina shi ne kowace madatsa a jihar nan ta samu mai ita a rubuce: magajin gari ya sa hannu, mai gari da kwamitin masu lambu su san nasu rabon, injiniyoyin karkara kuma su zo sau biyu a shekara, cikin watan Mayu kafin ruwa ya sauka da cikin Oktoba bayan ya ɗauke. Inda jama'a ke zuwa shaƙatawa, a kafa allo da Hausa, da boko da ajami, mai nuna inda zurfi yake, a ajiye igiya da tayar mota a bakin ruwa, domin laka ce ke riƙe ƙafar yaro, kuma kafin 'yan kwana-kwana su iso daga cikin gari an makara. A kuma gaya wa iyaye cewa ruwan da ya kwanta yana ɗauke da tsargiya. Mutanen da ke zaune a ƙasan ginin su ma a tara su tun cikin rani, a nuna musu tudun da za su nufa da lambar wayar da za su kira idan suka ga ruwa mai laka yana fitowa ta bayan baraji.