Kafin a binne gawar da ba a san mai ita ba

A Kano, idan mace ta ɓace, cigiyarta tana bin hanya ɗaya: mai unguwa, ofishin 'yan sanda na yankin, gidan rediyo, sai hoto a Facebook. Idan kuma aka tsinci gawar mace a kududdufi ko a kango, ita ma tana bin tata hanyar: 'yan sanda, ɗakin ajiye gawa, in an gaji da jira a yi mata sutura a kai ta makabarta. Hanyoyin nan biyu ba kasafai suke haɗuwa ba. Shi ya sa uwa za ta shekara goma tana sauraron sallama a ƙofar gida, alhali wataƙila 'yarta na kwance a wata makabartar cikin gari.

Mutane na ɗauka abin da ya rage mana shi ne na'urar gwajin DNA, wato ƙwayoyin halittar da mutum ke gada daga iyayensa. Na'urar tana da amfani, Legas ma ta buɗe cibiyarta tun 2017. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Aikin yana lalacewa ne tun ranar da aka tsinci gawa, domin abin da ba a ɗauka ba kafin binnewa, babu na'urar da za ta dawo da shi cikin sauƙi.

A zafin bazara, lokacin da Kano ke haura digiri 40, kwana biyu zuwa uku sun isa fuska ta kumbura ta sauya, har dangi su kasa shaida ta, ko kuma su shaida wadda ba tasu ba. Firjin gawa yana buƙatar sanyi na digiri 2 zuwa 4 ba yankewa, kowa kuwa ya san halin wutarmu. Saboda haka gaggauta binnewa, wadda addini ya koyar, ba ita ce matsalar ba. Matsalar ita ce binnewa ba rubutu.

Abin da ake buƙata bai fi aikin awa ɗaya ko biyu ba. A ba gawar lamba tata ita kaɗai, a rubuta a kan abin da ruwa ba ya gogewa, lambar ta fito a kowane hoto: jiki gaba ɗaya, fuska, tufafi, da duk wata alama. Ma'aikaciya mace ta rubuta tsagar gado in akwai, tabon tiyatar haihuwa, hujin hanci, wushirya, haƙorin Makka, irin kitson da ke kanta, zanen atamfarta. A ɗauki zanen yatsu goma tun fata ba ta saɓule ba, tunda masu lambar NIN da BVN da katin zaɓe duk an ɗauki yatsunsu. Sannan samfurin DNA: jini a kan katin da aka tanada in gawar sabuwa ce, in ta ruɓe, lafiyayyen haƙorin tauna na can ciki ko ɗan yanki daga tsakiyar ƙashin cinya. A ɗauka kafin a yi wa gawar allurar fomalin, wadda ake yi don hana gawa ruɓewa, domin tana lalata DNA. Tufafi kuma a shanya su bushe a sa a ambulan ɗin takarda. Leda tana riƙe danshi, fumfuna ta cinye shaidar. A ƙarshe lambar nan ta bi gawar cikin likkafani, ta hau kan alamar kabari, ta shiga littafin makabarta da layi da gurbi. Fasasshiyar tukunya a kan kabari ba ta kai damina biyu.

Idan ƙasusuwa kaɗai aka samu, ƙashin ƙugu yana nuna mace ce ko namiji, tsawon ƙashin cinya yana ba da kimanin tsayi, haƙora da gaɓoɓi su ba da kimanin shekaru. Wannan rage yawan waɗanda za a duba kawai yake yi, ba ya faɗin suna.

Ɗaya ɓangaren, na dangi, shi ne inda tsarin gidajenmu ke shigowa, kuma a nan jami'in da bai yi tambaya da kyau ba zai ɓata kuɗi a banza. Cikin samfuran dangi da ake gwadawa da na gawar, wanda ya fi ƙarfi shi ne na mahaifiya, mahaifi, ko 'ya'yan da matar ta haifa. Na 'yan'uwa bai kai wannan ba, na 'yan uba kuwa ya fi rauni, kuma nau'in DNA da ake gada ta wajen uwa kaɗai ba zai haɗa su ba sam. Ga kuma riƙo: wadda ta zo tana kuka tana cewa "'yata" tana iya zama gwaggo ko inna ce da ta raine ta tun yaye. Ba ƙarya ta yi ba, amma in aka rubuta ta a matsayin mahaifiya, sakamako zai ce babu dangantakar uwa da 'ya, a rufe fayil. Auren zumunci ma yana shafar lissafin, dole masu gwajin su san da shi.

Sai jinkirin kai rahoto. Namiji ya ɓace, a ranar ake fita nema. Mace ta ɓace, sai a fara raɗa: yaji ta yi, ko ta bi wani. Ana rufa asiri har makonni su wuce. 'Yar aikatau da aka kawo daga ƙauye kuwa, iyayenta na zaton tana birni, uwar ɗakinta na zaton ta gudu gida, babu mai cigiya.

Tsohon fayil ba ya mutuwa in an adana shi. A watan Mayun 2023 hukumar 'yan sandan duniya ta Interpol ta fitar da bayanan gawarwakin mata 22 da aka kasa ganewa a Beljiyam, Jamus da Holan. Cikin watanni aka gane wata 'yar Birtaniya da aka tsinci gawarta a wani kogi a Antwerp tun 1992, saboda danginta sun ga hoton zanen fure da ke hannunta. Shekara 31 hoton nan yana ajiye.

Abin da Gwamnatin Kano za ta iya yi ba tare da jiran Abuja ba shi ne rajista guda, wadda hedikwatar 'yan sanda ta Bompai, asibitocin da ke da ɗakin ajiye gawa, Hisbah da kwamitocin makabartu za su riƙa zuba bayani a cikinta, da ma'aikaci takamaimai da aikinsa shi ne gwama cigiya da gawa duk mako. Samfuran a adana su ko da babu kuɗin gwaji a bana. Busasshen haƙori yana iya jiran kasafin wata shekarar.