Da za a dawo maka da motarka ta farko, za ka karɓa?

Muna zaune a majalisarmu ta ƙofar gida bayan sallar isha'i sai ga wata tsohuwar Fijo 504 ta wuce tana tari, salansarta na neman taɓa ƙasa, fitila ɗaya na ci ɗaya ta mutu. Nan take hirar siyasar da ake yi ta tsaya. Mu shida ne a kan tabarma, huɗu daga cikinmu da irin wannan mota muka fara, don haka kowa ya shiga ba da labarin tasa kamar mai zancen matarsa ta fari. Can sai ƙaramin cikinmu, wanda ko babur bai taɓa mallaka ba, ya dube ni ya ce, "To Yaya, da za a dawo maka da ita yau, za ka karɓa?" Kafin in buɗe baki sauran ukun sun ce ƙwarai kuwa, da gudu ma. Ni na ce a'a. Aka yi mini caa, har wani ya ce ban da halacci.

Har yanzu ina kan bakata, ko da yake na yarda abokan zaman nawa ba duka suka yi kuskure ba.

Tawa fara ce, na saye ta a 1996 a hannun wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin gwamnati. Shi ya ɓare ta a leda, ya kuma riƙe ta kusan shekara ashirin. Ranar da zai miƙa mini makulli sai da ya zagaya ta sau biyu, ya shafa bonet ɗinta, sannan ya ce, "Ɗana, kada ka bar lagiretonta ya bushe, kada kuma ka ba yaro ita." Na kiyaye na farkon. A but ɗinta kullum akwai jarkar ruwa, da fanbel na ko-ta-kwana, da sifanar fulogi, da ɗan guntun sanfefa na goge kwantak. In batir ya fara gajiya, duk inda zan ajiye ta sai na nemi gangare. In babu gangare akwai yaran unguwa, waɗanda da sun ji kiki ya yi ƙas-ƙas sau uku za su taso ba sai an kira su ba. Ka sa giya ta biyu, ka danne kuloci, su tura, ka saki, ta yi tsalle ta kama, su bi ka da ihu. Da safiyar hunturu kuwa sai an lallashe ta kamar amarya. Na sha tsayawa ina kallon bakanikena ya zuƙi fetur da baki ta tiyo ya fesa a kafireto, ya tofar da sauran, ya ce in tayar.

Wanda bai yi wannan zamani ba zai ɗauka mota ta mai ita ce. A unguwa irin tamu, ranar da ka sayi mota ka zama motar asibiti, ka zama motar ɗaukar amarya, ka zama mai raka alhazai sansani. Ƙarfe biyun dare a buga maka ƙofa, matar maƙwabci na naƙuda, ba ka da bakin cewa ba mai. Ragon layyar gida uku ya shiga but ɗin nan. Akwai samari biyu a layinmu da a kujerar bayanta iyayensu mata suka tafi haihuwarsu, akwai kuma wata tsohuwa da muka kai asibiti a cikinta muka dawo da gawarta a cikinta. Idan abokaina suka ce suna kewar motocinsu, rabin abin da suke kewa wannan ne, lokacin da unguwa guda ke dogara da kai kana da ƙarfin tashi tsakar dare. Wannan kuwa ba ya cikin ƙarfen, ko an dawo da motar ba za a haɗo da shi ba.

Amma akwai dalilin da ya sa mutum huɗu cikin shida suka fara da mota iri ɗaya. A Faransa aka fara ƙera 504 a 1968, shekarar da ta biyo baya ta zama gwarzuwar motocin Turai. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri da ke Kaduna, daidai lokacin da Volkswagen ke harhaɗa Beetle a Legas. Kuɗin man fetur na shigowa, ƙarin albashin Udoji ya shiga aljihun ma'aikata, naira ta fi dala daraja, gwamnati kuma na ba ma'aikacin da ya kai wani mataki rancen mota ana cira a albashinsa a hankali. Da irin wannan rance dattijon nan ya sayi wadda ta zama tawa. Motar ta dace da hanyoyinmu, tana da tsayi daga ƙasa, tana shanye gargada, gwamnati ita take hawa, 'yan sanda ita, direbobin tasha su ɗauki wagon mai layin kujeru uku, 'yan kasuwar ƙauye su ɗauki a-kori-kura. Duk garin da ka lalace akwai wanda ya san cikinta.

Daga 1986, da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP aka karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi. Mu da muka fara aiki bayan nan, motarmu ta farko ta uku ce ko ta huɗu a wajen wani. Ko dai ka gaji tsohuwar Fijo irin tawa, ko ka jira 'yar Kwatano wadda wani Bature ya gama yayinta. Ƙannenmu da Golf suka fara, ko Honda mai laƙabin Hennessy da End of Discussion. Saboda haka tambayar ɗaya ce, amma ba abu ɗaya take nufi ga kowa ba. Dattijon da ya sayar mini yana tuna ƙanshin sabuwar kujera. Ni abin da nake tunawa warin fetur da baƙin mai a hannun riga.

Dalilina na farko na cewa a'a shi ne rai. Masu yabon ƙarfin 504 suna cewa ƙarfe ce zalla, ba kamar na yanzu ba da ɗan karo kaɗan sai su lotse kamar gwangwanin madara. To ai lotsewar nan da gangan aka yi ta, gaban mota ya shanye bugun domin kada ƙirjin direba ya shanye shi. Tawa ba ta da jakar iskar da ke fitowa daga sitiyari, birkinta in ka taka da ƙarfi a kan jiƙaƙƙen titi tayoyin ƙamewa suke yi ta ɗauke ka inda ta ga dama. Bel ɗin kujera kuwa ado ne, ba mu fara ɗaurawa da gaske ba sai da jami'an kiyaye haɗurra suka matsa a 2003. Mu da ke zaune a tabarma muna ba da labari mu ne waɗanda Allah ya tsare. Duk wanda ya yi zirga-zirga tsakanin Kaduna da Kano a shekarun nan ya san gidajen da wagon ɗin tasha ta bar wa marayu. Ajali ba ya wuce lokacinsa, gaskiya ne, amma ba zan ɗauki jikokina in sa a motar da na san abin da babu a cikinta ba.

Na biyu, mai. Motar kafireto ba ta san tsimi ba, balle wadda ta tsufa. Lokacin da nake hawanta ban taɓa lissafa abin da take sha daga gida zuwa ofis ba. Tun daga 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa dubu a gidajen mai da yawa. Wanda aka dawo wa da 504 yau, kwana nawa zai yi kafin ya ɗora ta a kan duwatsu, kaji su samu wurin ƙwai?

Inda abokaina suka fi ni gaskiya shi ne batun gyara, kuma nan ba zan yi musu gardama sosai ba. Waccan motar kana iya fahimtarta. Ka buɗe bonet ka ga komai a fili, bakanike ya kasa kunne ya gaya maka ciwonta tun kafin ya taɓa sifana. Wadda nake hawa yanzu, in wata 'yar fitila ta kama a gaban sitiyari sai an jona mata kwamfuta, a ce wata na'ura ce da ba ta kai ɗan yatsa ba ta mutu, a faɗi kuɗinta ka ji kamar da dala ake maka lissafi, don kuwa da dalar aka shigo da ita. Wadda ake iya ɗaure wa waya a bakin hanya ta kai ka gida tana da wata daraja da ba a raina ta. Sai dai mu riƙa faɗin gaskiya duka. Mun ƙware a gyaranta ne saboda kullum cikin gyaran muke. Ranakun Asabar nawa na ƙarar a gareji a kan benci, ni kaɗai na sani, sai kuma uwargida, wadda har yau in aka ambaci motar sai ta ce kishiyarta. Kuma sauƙin gyaran ma na wancan lokacin ne. An daina harhaɗa 504 a Kaduna tun tsakiyar shekarun 2000. Yau ka shiga kasuwar Panteka a Kaduna ko ta Ƙofar Ruwa a Kano neman kayanta, galibi abin da za a miƙo maka daga jikin wata matacciya aka ciro shi. Tsofaffin da suka san ta sun ajiye sifana, yaransu Toyota da Honda suka koya.

Akwai mutum ɗaya a majalisar da amsarsa ta fi tsaya mini a rai. Malamin makaranta ne da ya yi ritaya. Bayan cire tallafi ya sayar da motar da yake hawa, wadda ita ce ta uku a rayuwarsa, da niyyar in abubuwa sun lafa ya sayi ƙarama. Kafin ya juya, dala ta wuce naira 1,500, kuɗin da ke hannunsa ba su isa rabin irin wadda ya sayar ba, cefane kuma ya ci sauran. Yanzu a adaidaita sahu yake zuwa karɓar maganin hawan jini. Da ya ce zai karɓi tsohuwar motarsa da gudu, ba ƙuruciyarsa yake nema ba. Ƙafa huɗu yake nema, kowace iri ce, da hanau gara mannau. Da na gane haka sai na ji kunyar dogon bayanin da na yi masa kan jakar iska.

A Turai wannan tambaya ta masu sukuni ce. Mutum ya tsufa ya tara abin hannu, ya bi sawun irin motar da ya fara hawa, ya saya, ya kashe mata kuɗi, ya riƙa fitowa da ita ranar hutu ana ɗaukar hoto. Mu a nan mota ba ta ritaya. Daga gidan ma'aikaci sai tasha, daga tasha sai hanyar kasuwar ƙauye, daga nan sai dakon itace, har ranar da 'yan gwangwan za su yanka ta su ɗora a sikeli. Mafi yawan motocin da muke kewa sun daɗe da zama rodi a ginin wani.

In da abin da nake so a dawo da shi, hanyar da dattijon nan ya bi ya samu tasa ce, wato ma'aikaci ya dubi albashinsa ya ga sabuwar mota a cikinsa ko da ta shekara biyar ce. Ba na cewa wancan tsari ba shi da aibi. Manomi da ɗan tireda ba su ga rancen ba, yawancin kayan motar daga waje ake kawo su a ɗaura a nan, kuma kasuwar ta jingina ne da gwamnati, shi ya sa da gwamnatin Obasanjo ta koma ba jami'anta kuɗi a madadin motocin ofis daga 2003, masana'antar ta ji a jikinta. Duk da haka an yi lokacin da malamin makaranta ke ɓare leda. Yau mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne, bai cika tankin babbar mota sau biyu ba. Yaron da ya yi mana tambayar ya haura talatin, yana da digiri, yana da aiki. Mu muna gardamar ko za mu karɓi ta farko, shi bai san ko zai yi ta farkon ba, kuma ina zargin abin da ya sa ya tambaya ke nan.

Tawa na sayar da ita a 2004 ga wani direba mai lodin kasuwannin ƙauye. Bayan kamar shekara uku na gan ta a wata tasha, an yi mata fenti shuɗi, an ɗaura mata kariya a sama, buhunan albasa sun danne bayanta har ta durƙusa. Da lotsawar ƙofar baya na gane ta, wadda ni na yi da ginshiƙin ƙofar gidanmu a makon da na saye ta. Direban wani ne daban, bai san ni ba. Na tsaya ina kallo ya murɗa makulli, ta yi ƙas-ƙas sau uku ta yi shiru. Ya leƙo ta taga ya ce, "Alhaji, don Allah a taimaka a ɗan sa hannu." Na tattare babbar riga a kafaɗa, ni da wasu yara biyu muka tura, na ɗaga murya na ce masa ya sa ta biyu.