Kura da shan bugu: sakacin lauya da ƙofar da kotunan Amurka suka rufe

Har yanzu ina jin masu sharhi suna kafa hujja da Barry Jones, wanda aka yanke wa hukuncin kisa bisa zargin kashe wata ƙaramar yarinya, wai sakinsa ya nuna cewa tsarin shari'ar Amurka yana gyara kuskurensa da kansa. Wannan magana tana ƙona mini rai. Mutumin nan ya yi kusan shekara 29 a tsare a jihar Arizona, akasarinsu yana jiran ranar da za a kashe shi, kuma da ya fito ranar 15 ga Yunin 2023, babu kotun da ta wanke shi. Yarjejeniya ya yi da masu gabatar da ƙara, ya amsa laifin kisa a mataki na biyu saboda bai kai yarinyar da ta mutu asibiti ba, aka lissafa masa shekarun da ya riga ya yi. Kotun Ƙolin Amurka kuwa, shekara guda kafin nan, ta riga ta mayar da wuyansa kan hukuncin kisa.

A 2018 wani alƙalin tarayya ya saurari likitoci, ya gano cewa lauyan farko na Jones bai binciki hujjojin asibiti ba, hujjojin da suka jefa shakka a kan lokacin da aka ce an ji wa yarinyar rauni. Lauya na biyu, wanda aikinsa shi ne bankaɗo wannan sakaci, shi ma bai yi ba. A shari'ar Shinn da Ramirez, wadda ta haɗa da batun Jones, a watan Mayun 2022, alƙalan Kotun Ƙoli shida cikin tara suka ce kotun tarayya ba ta da hurumin duba hujjar da ba a gabatar a kotun jiha ba, ko da sakacin lauya ne ya hana gabatar da ita. Lauyan gwamnatin Arizona ma bai ɓoye ba, ya shaida wa kotun cewa rashin laifi kaɗai bai isa ba.

Tushen wannan ɗanyen aiki wata ƙa'ida ce da ake ta maimaitawa: lauya wakilinka ne, don haka kuskurensa naka ne. Idan attajiri ne ya zaɓi lauyansa, ya biya shi, yana kuma iya sallamarsa gobe, sai mu ce da sauƙi. Amma fursunan da ba shi da ko sisi fa? Gwamnati ce ta kama shi, ita ta ba shi lauya, ita ta yanke abin da za a biya lauyan. In lauyan ya yi barci, sai gwamnatin nan ta juyo ta ce wa fursuna laifinka ne. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi ke nan.

Abin ya fi muni a matakin ɗaukaka ƙara, kuma nan ne aka fi yin shiru. A zauren shari'ar farko, wanda ake tuhuma yana zaune, yana ganin lauyansa, yana jin tambayar da ya yi wa shaida da wadda ya kasa yi. Ɗaukaka ƙara kuwa aikin takarda ne. Lauya yana ofishinsa, fursuna yana kurkuku, sau da yawa bai san abin da aka rubuta da sunansa ba sai hukunci ya fito. Kuskuren irin wannan lauya shi ne batun da bai tayar ba, kuma abin da ba a rubuta ba, ba ya bayyana a kowane fayil. Sai wani lauyan ya zauna ya karanta bayanan shari'ar daga farko har ƙarshe kafin ya gane inda aka bar rami.

Kotun Ƙoli ta san da haka. Tun 1985, a shari'ar Evitts da Lucey, ta ce duk wanda yake da haƙƙin ɗaukaka ƙara ta farko yana da haƙƙin samun lauyan da ya san aikinsa. A 2012, a shari'ar Martinez da Ryan, ta ɗan buɗe ƙofa ga wanda lauyan shari'arsa ta farko ya cuce shi. Sai ga 2017, a shari'ar Davila da Davis, alƙalai biyar cikin tara suka ce wannan ƙofar ba ta shafi sakacin lauyan ɗaukaka ƙara ba. An ba mutum haƙƙi da hannun dama, an ƙwace hanyar neman sa da hannun hagu.

Jihar Ohio ake yawan yabo a wannan fanni, domin tun 1993 ta kafa doka ta 26(B) wadda ta ba fursuna damar neman a sake buɗe ƙararsa idan lauyan ɗaukaka ƙara ya gaza. Mu dubi abin da take buƙata daga gare shi. Kwana 90 daga ranar da aka shigar da hukunci a rajista. Takarda ba ta wuce shafi goma ba, ban da takardar rantsuwa da za a haɗa da ita. Dole ya nuna takamaiman batun da lauyan ya tsallake, sannan bisa ma'aunin Strickland na 1984, wanda kotunan Amurka ke auna gazawar lauya da shi, ya nuna cewa da an tayar da shi, da akwai yiwuwar sakamako ya sauya. Kuma a 2004 Kotun Ƙolin jihar ta yanke cewa ba dole ba ne a ba shi lauya don wannan aiki. Ka kwatanta mutum zaune a bakin gadonsa na ƙarfe, da fensir da 'yan takardu a cinya, yana ƙirga kwanaki, ana jiran ya gano kuskuren da lauya mai digiri ya yi, ya kuma bayyana shi da yaren lauyoyi. In ya makara ya ce bai san doka ba, kotunan jihar sun sha cewa wannan ba uzuri ba ne.

Masu kare wannan tsari suna cewa dole shari'a ta kai ƙarshe, iyalan waɗanda aka kashe suna buƙatar hutu. Hutun da aka gina a kan hukuncin da ba a tantance ba, ban san wa zai amfana ba. Wasu kuma suna kawo Roger Coleman, wanda lauyoyinsa suka makara da kwana uku wajen ɗaukaka ƙara, aka zartar masa da hukuncin kisa a 1992, gwajin ƙwayoyin halitta ya tabbatar da laifinsa a 2006. To sai me? Alƙalan da suka rufe masa ƙofa a 1991 ba su da wannan sakamakon a gabansu, kalanda suka duba, kuma ƙa'idar da suka kafa ita ce ta dawo ta danne Jones.

Mu ma a Najeriya alƙalanmu suna yawan cewa ba a ɗora wa mai ƙara zunubin lauyansa. Magana ce mai kyau, amma sashe na 235 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce daga Kotun Ƙoli babu gaba, sai afuwar shugaban ƙasa ko gwamna. Shi ya sa nake jin tsoro idan na ga ana ɗaga Amurka a matsayin abin koyi a nan.

Gyaran ba ya buƙatar wani dogon nazari. Kamata ya yi wa'adin shigar da ƙorafi ya fara aiki daga ranar da aka ba fursuna sabon lauya, wanda ba ofishinsu ɗaya da na farkon ba. Wanda gwamnati ta naɗa wa lauya kuma, gwamnatin ta ɗauki nauyin sakacinsa.

A jihar Alabama, lauyoyi biyu da ke kare wani fursuna mai jiran hukuncin kisa, Cory Maples, kyauta sun bar kamfaninsu na New York ba tare da sun sanar da shi ko kotu ba. Da aka aika musu hukunci, ambulan ɗin ya dawo wa magatakardar kotu a rufe, ba a ko buɗe shi ba, wa'adin kwana 42 na ɗaukaka ƙara ya wuce. Sai da aka kai Kotun Ƙoli a 2012 kafin a yarda cewa mutumin da aka yi watsi da shi haka ba shi da wakili. Duk da haka, alƙalai biyu daga cikin tara sun ce shi ya kamata ya ɗauki laifin.