Idan akwai marubuci a gidanku, ku bar masa safiyar Bronya

Jama'ar Aboabo da Asawase a Kumasi, ga wata magana tun kafin Bronya, wato Kirsimeti, ta shigo. Yawancin masu rubutu a zangonninmu ba da alƙalami suke cin abinci ba. Wani malamin makaranta ne, wata ma'aikaciyar ofis ce. Daga 25 ga Disamba zuwa 1 ga Janairu sukan samu kwanaki a jere. Mu kuwa da mun ga mutum zaune shiru a ɗaki sai mu ce ai ba ya komai, a aike shi kasuwar Kejetia. Wanda ya shiga Kejetia ko Adum da safe a watan Disamba, sai dai a gan shi da la'asar.

Awa uku ta ishi marubuci, daga ƙarfe shida zuwa tara na safe. A lokacin yara ba su fara fasa nokawut ba, masu biki ba su kunna sifika ba. Idan ya samu kalma 500 a zama ɗaya, cikin kwana bakwai ya tara 3,500, babi guda ke nan. Na ce bakwai domin daren 31 coci-coci na kwana suna addu'a da lasifika har bayan sha biyun dare, safiyar 1 ga wata barci za a rama.

Abin da ke ɓata aikin ba hayaniyar waje ba ce, leƙen cikin gida ne. "Yaya, ina caja?" Amsar ba ta kai minti ɗaya ba, amma jimlar da yake riƙe da ita a ka ta zube, sai ya koma baya ya karanta shafi guda kafin ya kamo zaren. A ajiye masa koko da ƙosai da ruwan sha a bakin ƙofa, a wuce. Tuwon zafi da wake da shinkafa a bari sai ya fito, don masu nauyi ne, barci suke sawa.

Disamba lokacin aure ne, 'yan uwa sun sauko daga Jamus da Italiya da Amurka. Ɗaurin aure da ta'aziyya ba a ɗauke wa kowa, zumunci ya fi babi. Amma rakiyar sayen anko da zaman kanofi na yini guda, wani ya wakilce shi.

Sai hunturu. Ƙura na shiga fankar kwamfuta ta toshe ta, na'urar ta ɗau zafi ta mutu ana tsakiyar aiki. A rufe tagogi da safe, a goge tebur da tsumma mai danshi, a lulluɓe kwamfutar da zane idan an tashi, kuma kada a ɗora ta a kan katifa. A sayi katin mita tun kafin 24 ga wata, a cika batir da dare. Shi ma marubucin kullum ya kwafe aikin a filashi, ya tura wa kansa ta imel.

Mai son yi masa kyauta ya saya masa data ko rim ɗin takardar A4, mai falle 500. Littafin rubutu mai kyakkyawan bango kuwa, akwai uku a akwatinsa da yake jin tsoron ɓatawa.

Tambayar "yaushe littafin zai fito?" a gaban baƙi, don Allah a bar ta. Takardun da ya bari a kan tebur ma kada a ɗaga, ko da Hajiya ce ta shigo shara, sai in shi ya miƙo da hannunsa.