Kun ƙyale shi, amma kun ƙaunace shi?

Salama gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu, na Garwa, na Marwa, na Makolo, na Yagwa a arewacin Kamaru, da duk inda wannan saƙo ya isa.

Akwai maganar da muke yawan yi a ikilisiyoyinmu muna jin daɗi: "Mu nan ba mu da matsala da kowa." Gaskiya ne, ba a faɗa. Batupuri yana bencinsa, Bamafa yana nasa, Mundang suna rera waƙarsu, Giziga suna jira a gama su yi tasu, ana tashi daga sujada a gaisa a bakin ƙofa kowa ya kama gabansa. To wannan zaman lafiya ne, kuma ban raina shi ba, don wanda ya ga rikicin ƙabilanci da ya faru a Kuseri a Disamba 2021, lokacin da dubban mutane suka tsallaka kogi zuwa Cadi, ba zai raina zaman lafiya ba. Amma Ubangiji Yesu bai ce za a gane almajiransa don ba sa faɗa ba. A Yahaya 13:35 ya ce ta wurin ƙaunar juna za a gane su.

Ku buɗe Ayyukan Manzanni sura 6. Ikilisiyar Urushalima ce, ta manzanni da kansu. Yahudawa masu jin Helenanci da masu jin Ibrananci suna sujada tare, ba wanda ya kori wani, ba wanda ya zagi wani. Amma in an zo rabon abinci na kullum, sai a tsallake gwaurayen masu Helenanci. Littafin bai ce an ƙi su ba. Mantawa ake yi da su, wataƙila domin mai rabo ya fi sanin gidan wadda suke yare ɗaya. Manzanni ba su ce wa matan nan su yi haƙuri ba, abin da mu kam za mu fara faɗa ke nan. Sun tara jama'a aka zaɓi mutum bakwai, kuma ku duba sunayen: Istifanas, Filibus, Burokoras, Nikanar, Timan, Barminas, Nikolas. Duk sunayen Helenanci ne. Na ƙarshen ma mutumin Antakiya ne da ba a haife shi Bayahude ba. Wato aka ɗauki mabuɗin rumbu aka damƙa a hannun masu irin sunan waɗanda ake tsallakewa. Wace majalisar dattawa ce a cikinmu za ta yarda ta yi haka?

Sansanin 'yan gudun hijira na Minawao yana nan kusa da Makolo tun 2013. 'Yan'uwanmu da suka gudo daga Gwoza da sauran garuruwan Borno, da yawansu Hausa muke yi da su, wasu sun bar sansanin sun shigo gari suna sujada tare da mu. Mun ba su wurin zama a bencin baya. Har yau "'yan gudun hijira" muke ce musu, ba mu san sunan yaransu ba, ba mu san wace ce mijinta ya ɓata ba a sake jin labarinsa ba. Ranar da ɗansu ya nemi auren 'yarmu, a nan ake jin ainihin abin da ke zuciya.

Manzo Yahaya ya yi tambaya a wasiƙarsa ta fari 3:17: wanda yake da abin duniya, ya ga ɗan'uwansa cikin bukata ya rufe zuciyarsa, ta yaya ƙaunar Allah take zaune a cikinsa? Ƙyale mutum ba ya cin ko sefa ɗaya. Ƙauna tana cin kwanon dawa a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, tana cin kuɗin babur zuwa asibiti da tsakar dare, wani lokaci tana cin mutuncinka a wurin danginka. Tana kuma sa ka je ka gaya wa ɗan'uwa laifinsa tsakaninku biyu, kamar yadda Matiyu 18:15 ya ce, maimakon "ba ruwana" da muke kira kawaici.

Dikinoni da shugabannin zumuntar mata, roƙo nake yi: wannan Lahadi ku ɗauko takardar da kuke rubuta sunayen masu karɓar taimako, ku karanta ta tare, ku ƙirga yare nawa ne a ciki.