Wannan haddar akun ta isa haka, ƙannena 'yan jami'a

Assalamu alaikum. Ran Asabar ɗin nan da ta wuce na tsaya wani shagon fotokwafi a bakin ƙofar jami'a zan buga wasu takardu, sai aka ɗauke wuta, mai shagon ya fita neman man janareta, ni kuma na samu benci na zauna ina jira. Kusa da ni samari uku ne sun baje littafin firaktikal na kwas ɗin fiziks, PHY 107, a cinya, ɗaya riƙe da kalkuleta, ɗaya yana karanto lambobi daga wani tsohon littafi da gefensa duk ya yi baƙi saboda yawan hannun da ya bi, na ukun yana rubutawa. Gwajin lilo ne, wannan da ake ɗaure ɗan dunƙulen ƙarfe a zare a sake shi yana kai da komo kana ƙirga ashirin da agogo a hannu. Na ce a'a, har kun shiga lab ɗin kenan? Mai kalkuletar ya yi dariya ya ce "Yaya ai dafawa muke, an san amsar 9.81 ce, daga ita muke komawa baya mu samo lokacin." Ko a jikinsa wallahi, kamar wanda yake ba ni labarin abin kirki.

Tun daga ranar abin yake cina. Don gwajin nan fa ba wani aiki ba ne, zare ne da ƙarfe da agogo, ka auna tsawo mita ɗaya ka ƙirga, ka rage zuwa santimita 80 ka ƙirga, haka har ka samu biyar ko shida, ka zana layinka ka fitar da ƙarfin da ƙasa take janyo abu da shi, wato lambar nan 9.81 da suke magana. Da hannunka za ka ga lilo mai tsawon mita ɗaya yana ɗaukar kusan sakan biyu kafin ya je ya dawo, da idonka za ka ga ko ka canja ƙarfen da wanda ya fi shi nauyi lokacin bai canja ba, tsawon zaren ne yake magana. In ka samu 9.6 ko 10.1 ba laifi ka yi ba, sai ka zauna ka yi tunanin ina kuskuren ya shigo, yatsanka ne ya makara wajen danna agogo ko fanka ce take kaɗa zaren, wannan tunanin shi ne karatun gaba ɗaya. Abin dariyar ma, a ƙasashe irin namu da suke kusa da layin ikwaita da ya raba duniya kudu da arewa lambar takan ɗan sauka zuwa wajen 9.78, to kun ga ko dafawar ma ba ku iya ba, kun dafo amsar wata ƙasa kun kawo. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne.

Ina nan zaune sai ga wata yarinya da ƙawarta sun zo karɓar tsofaffin tambayoyin GST, kwas ɗin gama-gari na falsafa da mandiƙi, wato ilimin tsara hujja, tana tafe tana rerawa, Thales ruwa, Anaximenes iska, Heraclitus wuta, Thales ruwa, Anaximenes iska, kai ka ce 'yar firamare ce take biya sau-sau. Na ce ƙanwata ruwan me Thales ɗin ya yi? Ta ce ita dai haka yake a handawut, in an tambaya a kwamfuta ruwa za ka danna. Shikenan. Thales ɗin nan, masanin falsafa na garin Miletus na tsoffin Girkawa, sama da shekara 2,500 da suka wuce ya zauna yana tambayar kansa shin duk tarkacen nan da muke gani akwai abu ɗaya da suka samo asali daga gare shi, ya duba ya ga duk mai rai sai da danshi, ya ce ruwa ne. Bai dace da amsar ba, amma tambayar tasa ce masu kimiyya suka yi ta bi har aka zo kan ƙwayar zarra. Duk wannan an tattara an matse ya koma "ruwa za ka danna".

Kada ku ce 'ya'yan wasu nake yi wa, a gidanmu ma akwai. Ɗan yayana A ya ci a PHY 101, har walima uwarsa ta so yi. Rannan muna cikin adaidaita direba ya taka birki da ƙarfi duk muka yi gaba har goshinsa ya bugi ƙarfe, na ce yauwa malam mai A, me ya tura mu gaba alhali ba wanda ya taɓa mu? Ya yi shiru yana shafa goshi. Na ce to karanto min dokar Newton ta farko, nan take ya zubo ta da Turanci tiryan-tiryan ko waƙafi bai bari ba. Dokar tana bakinsa, ƙulun yana goshinsa, amma bai san su biyun 'yan gida ɗaya ba ne, bai san keken ne ya tsaya jikinsa kuma ya ci gaba da tafiyar da yake yi ba. Shi ne kuma yake fizgar babur ɗin babansa a cikin unguwa kamar zai tashi sama, alhali a handawut ɗin da ya haddace akwai lissafin da yake nuna in ka ninka gudu sau biyu, tazarar da kake buƙata kafin birki ya tsayar da kai ninkuwa take yi sau huɗu. Ya rubuta a jarrabawa, ya ci maki, ya bar shi a hol ɗin. Kayan aro ba ya rufe katara.

Na mandiƙin nan ya fi ba ni haushi. Kun haddace sunayen kurakuran hujja reras, ad hominem da su waye da su waye, in an ce kawo ma'ana za ku kawo. Da kun fito kun buɗe Facebook wani ya faɗi ra'ayinsa kan siyasa ko wata mas'ala, ba mai duba maganar, sai dai "kai ɗin wa", "waye malaminka", "dama 'yan garinku haka kuke", a zagi uwa a zagi uba. To ai shi ne ad hominem ɗin da ka ci maki biyu a kansa, ka bar magana ka kama mai magana. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Ba na ma son in shiga zancen cacar ƙwallo da ta cinye muku kuɗin makaranta, yaro yana karanta lissafin yiwuwar abu a aji, da daddare yana haɗa wasa goma sha biyar a tikiti ɗaya yana jiran miliyan, wannan sai wata rana.

Sai kuma masu fakewa da addini, wai su ba sa son zurfafawa ne don falsafa hanyar ɓata ce, shi ya sa suke haddacewa kawai su wuce. Haba malam, lalaci ne dai ka sa masa rawani. Littafin Ahalari da aka biya maka a zaure kana yaro, na tsarki da sallah, mai shi Shehu Abdurrahman Al-Akhdari shi ne ya yi Sullam, waƙen mandiƙi da malamanmu na soro suka daɗe suna karantarwa, yana ɗan shekara 21 ya tsara shi, sa'an da yawanku. A ciki shi da kansa ya kawo saɓanin malamai kan karanta mandiƙin, cewa Ibnus Salah da Nawawi sun hana, wasu sun ce ya kamata a sani, ya rinjayar da halacci ga mai lafiyayyen hankali da ya san Alƙur'ani da Sunna. Ka ga wanda ya karanta kenan, ya san inda ake tsoro ya san inda ba a yi. Ibnul Haisam mutumin Basra da ya zauna a Alƙahira wajen shekara dubu da ta wuce, da gwaji ya kafa hujjar cewa haske ne yake shigowa ido daga abin da ake kallo, lokacin da yawa suna cewa idon ne yake fitar da haske. Da dafa sakamako ya yi wa zai san sunansa yau? In kana da shubuha ka kai wa malami, amma ka haddace abin da kai da bakinka ka ce ɓata ne don kawai kada ka samu kariyoba, wannan wane irin tsantseni ne.

Na san za ku ce aji ɗaya mutum ɗari biyar, lasifika ba ta aiki, lakcara ya zo sau uku a zango ya ce a sayi handawut, kayan lab ɗin rukuni goma ake rabawa. Gaskiya ne, kuma su ma suna da nasu alhakin. Amma zare da dutse da agogon wayarka wa ya hana ka? Wayar da kake kwana kana kallon rawa a TikTok da ita. Ku dai ku ji tsoron Allah ku gyara, ku riƙa tambayar kanku me abin nan yake nufi kafin ku haɗiye shi, ba a fafe gora ranar tafiya, kuma gobe ku ne za a ba wa gada ku gina, ku ne za ku tsaya gaban allo a sakandare.

Mu a lokacinmu ba waliyyai ba ne, mun yi namu shirmen. Amma akwai wani dattijo mai kula da lab ɗinmu, in ya ɗaga takardarka ya ga ɗigon nan duk sun hau layi ɗaya cif babu wanda ya kauce, sai ya cire tabarau ya dube ka ya ce "ɗana, hannun mutum ba ya yin haka", ya miƙo maka zare da agogo ka koma ka sake, ko da kuwa Magariba ta yi. Kuma kunya ake ji, wanda aka kama kwana biyu ba ya iya haɗa ido da mutane. Bayan lakca a gindin darbejiya ake zama a yi ta musu kan ko hukuncin kisan da mutanen Atina suka yanke wa masanin falsafa Socrates adalci ne, da me ya sa ya ƙi guduwa daga kurkuku alhali abokansa sun shirya masa hanya, har a manta ba a ci abinci ba. Yanzu gindin bishiyar nan kowa kansa a sunkuye yake kan waya.

Da aka tada janareta mai shagon ya fara da nasu kafin nawa, tsohon littafin nan na firaktikal aka ɗora a kan injin, kwafi goma sha biyu suka ce a yi musu, wai sauran 'yan rukuninsu suna hostel suna jira.