Albasar Galmi ta samu takarda, wa zai biya kuɗin gadinta?

Wajajen 2009 manoman Nijar suka farga cewa wani kamfanin iri da ke Senegal ya nemi OAPI, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta wasu ƙasashen Afirka, ta mallaka masa "Violet de Galmi", albasar da aka gada kaka da kakanni a jihar Tahoua. Sai da aka yi masa ca kafin ya sauya wa irinsa suna. Yau albasar Galmi da kilishin Nijar suna da rajistar shaidar asali a OAPI ɗin, wato takardar da ke keɓe suna ga kayan da suka fito daga wani yanki kaɗai. Abin a yaba ne, amma takarda ba ta ƙara ko dala a kan buhu.

Rajistar ita ce ɓangare mai arha. Ana shata iyakar yankin, a rubuta kundin ƙa'idoji (wane iri, yaya ake girbi da shanya da ajiya), a kafa ƙungiyar manoma, a miƙa takardu hedikwatar OAPI da ke Yaounde. Kashe kuɗi na gaske bayan nan yake, kuma kowace shekara: albashin masu duba gonaki, littafin da ke bin kowane buhu daga rumbu zuwa tirela, buhuna masu tambari, lauyan da zai kai mai jabu kotu. Galibi masu tallafi daga waje ke ɗaukar nauyin matakin farko, su tafi su bar ƙungiya da hatimi ba asusu.

Ga kuma yadda ake cinikin. Dillali yana haɗa albasar gonaki goma a buhu ɗaya marar shaida, to ta ina mai saye a Abidjan zai gane ta Galmi har ya biya ƙari? Barkonon Penja na Kamaru, da aka yi wa rajista a 2013, ya yi daraja saboda busasshe ne, ana ƙulla shi a ƙananan ƙunshi, kuma ya samu rajistar Tarayyar Turai a 2022. Albasa kuwa ruɓewa take, mai ita ba ya iya jan ciniki.

Babban giɓin shi ne iyakar ƙasa. Kariyar OAPI ƙasashe 17 kawai ta shafa, babu Ghana babu Najeriya, alhali can tireloli da yawa suke sauke kaya. A ganina nan ya kamata kuɗin gwamnati ya fara zuwa: a yi rajistar sunan a waɗannan kasuwanni biyu, sannan a yanka wani ɗan kaso a kan kowane buhu mai tambari, ya shiga asusun ƙungiyar don biyan masu duba.